Iskar Naitirojin a Tayar Mota: Tambayoyi da Amsoshi

A wasu manyan shagunan taya da gidajen mai, akan tambayi mai mota ko a sa masa iskar da aka saba ko naitirojin, sannan a lissafo masa fa'idodi: taya ba ta sacewa, ba ta zafi, ba ta fashewa, mota na rage shan mai. Wasu daga cikin maganganun nan suna da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa romon baka ne na ciniki. Ga yadda abin yake ɗaya bayan ɗaya.

Mece ce naitirojin, kuma me ya raba ta da iskar da mai faci yake bayarwa?

Iskar da muke shaƙa, wadda ita ce injin mai faci yake zuƙa ya matse ya tura cikin taya, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce tun asali. Kashi 21 oksijin ne, ragowar kusan kashi 1 agon ne da wasu 'yan iskoki, sai kuma laima gwargwadon yanayi. Wato duk tayar da ke gari yau, ta keke ce ko ta tirela, mafi yawan abin da ke cikinta naitirojin ne.

Abin da ake sayarwa shi ne ɗaga kashi 78 ɗin nan ya koma 93 zuwa 95, ko fiye idan injin mai kyau ne kuma an yi aikin yadda ya kamata. Ana rage oksijin, ana kuma fitar da laima. Iyakar abin da kuɗin mutum ke saya masa ke nan.

Injinan da ake amfani da su iri biyu ne. Akwai mai tacewa ta cikin wasu siraran bututu, inda oksijin da laima ke ratsa bangon bututun su fice, naitirojin ta wuce gaba. Akwai kuma mai amfani da ƙwayoyin gawayi na musamman da ke riƙe oksijin idan an matsa iska, su sake shi idan an sassauta. Wasu wuraren ba su da inji, silinda suke sayowa a cike.

Da gaske ne taya ta fi daɗewa ba ta sace ba idan naitirojin ce a ciki?

Gaskiya ne, amma ratar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Roba ba ta tsare iska ɗari bisa ɗari. Ko babu ƙusa, ko bawul lafiyarsa lau, iska na ratsa jikin taya sannu a hankali, shi ya sa lafiyayyar tayar ƙaramar mota kan rasa kamar psi 1 a wata, wani lokaci fiye (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Oksijin ya fi naitirojin saurin ratsa roba har sau uku zuwa huɗu. Idan aka rage shi, sacewar za ta ragu.

An gwada wannan. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ɗauki tayoyi iri 31, kowane iri guda biyu, ta ba ɗaya iska ta ba ɗaya naitirojin, duka a kan psi 30, ta ajiye su a waje shekara guda. Sakamakon da ta fitar a 2007 ya nuna masu iska sun rasa matsakaicin psi 3.5, masu naitirojin sun rasa psi 2.2. Bambancin psi 1.3 ne, a shekara cur. Hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗurra a hanyoyin Amurka ta yi nata gwajin ta wallafa a 2009, inda ta samu cewa sabuwar taya mai naitirojin tana rasa kusan kashi biyu cikin uku na abin da mai iska take rasawa.

Abin lura a gwajin biyu shi ne duka tayoyin sun sace. Babu wadda ta tsaya yadda aka bar ta.

Ke nan ko na sa naitirojin sai na ci gaba da duba taya?

Ƙwarai kuwa, sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya. A nan ma ne naitirojin ta fi cutar da mutane, ba don ita kanta tana da illa ba. Mutum ya biya kuɗi, an ce masa tayarsa ba ta sacewa, sai ya yi wata shida bai sunkuya ya duba ba. Ƙusa kuwa ba ta tambayar irin iskar da ke ciki kafin ta shiga.

An ce tana sanyaya taya, don haka ba ta fashewa a zafin bazara. Haka ne?

A'a. Wannan ita ce maganar da ta fi yawo, kuma ita ce mafi rauni.

Kowace iska, idan aka kulle ta a wuri ɗaya aka ɗumama ta, ƙarfinta yana ƙaruwa, kuma busasshiyar iska da naitirojin daidai suke tashi. A tayar ƙaramar mota, duk ƙarin zafi na kusan digiri 6 a ma'aunin Salsiyas yana ƙara psi 1. Tayar da aka auna psi 32 da asuba lokacin da gari yake digiri 20, idan aka kama hanya cikinta ya kai digiri 50, za ta nuna kusan psi 37. Naitirojin ce ko iska, lissafin ɗaya ne. Masu ƙera taya sun san da wannan tashin, sun kuma yi tayar ta jure shi.

Zafin da ke kashe taya ba daga irin iskar yake zuwa ba. Daga lanƙwasuwa yake zuwa. Duk juyi ɗaya da taya ta yi, ɓangaren da ya taka ƙasa yana baje wa sannan ya miƙe. Idan iska ta yi ƙaranci ko lodi ya yi yawa, gefen tayar yana lanƙwasuwa fiye da kima, sau ɗaruruwa a minti guda, kamar yadda waya ke yin zafi a hannu idan ana ta tanƙwara ta gaba da baya kafin ta katse. Zafin nan ne ke sa roba ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke cikin taya, sai a ji fam a tsakiyar hanya. Haɗa ƙarancin iska da lodin da ya wuce ƙa'ida da gudu da kwalta mai ƙuna ta watan Afrilu, ka sami abin da ke fasa yawancin tayoyi. Naitirojin ba ta cire ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

To mece ce fa'idarta ta haƙiƙa?

Bushewa. Idan akwai abin da ya cancanci a yaba wa naitirojin, shi ne ba ta ɗauke da ruwa.

Injin iska yana matse iskar gari da laimar da ke cikinta. Idan iskar ta huce a cikin tanki, laimar sai ta koma ruwa ta kwanta a ƙasa. A ƙasan kowane tanki akwai ɗan famfon tsiyaye wannan ruwa, kuma ya kamata a buɗe shi kullum. Inda ba a yi ba, wanda ya taɓa ganin ranar da aka buɗe ya san abin da ke fitowa: ruwa ja mai tsatsa, gauraye da baƙin mai. Wani kaso na wannan yana bin tiyo ya shiga taya. Da damina abin ya fi muni. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har leɓe ke tsagewa, matsalar kusan babu ita.

Ruwa a cikin taya ba ya bin lissafin da aka yi a sama. Idan taya ta yi zafi sai ya zama tururi ya ƙara nasa ƙarfin. A digiri 30 ƙarfin tururin bai wuce psi 0.6 ba, a digiri 60 ya kusa psi 3, a digiri 80 ya kusa psi 7, muddin akwai isasshen ruwa a ciki. Tunda ba lallai ruwan da ke cikin tayoyi huɗu ya zama daidai ba, sai ɗaya ta fi ɗaya tashi. Ga mai zuwa kasuwa wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Ga mai tseren mota kuwa babban al'amari ne.

Ruwan kuma yana cin rim daga ciki: na ƙarfe ya yi tsatsa, na alminiyam ya yi farin gari-gari a daidai inda bakin taya yake zama, daga nan iska ta fara tsiyaya.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, iskar da aka busar da na'urar tsane ruwa tana ba da wannan fa'idar ba tare da an cire oksijin ba. Na biyu, ruwan sabulun da ake lafta wa bakin taya lokacin ɗora ta a rim, idan ya malala ciki, ya ɓata aikin naitirojin tun kafin a fara.

Idan ba ta da wani amfani sosai, me ya sa jiragen sama da motocin tsere suke amfani da ita?

Domin matsalarsu daban ce da ta mai mota.

Tayar babban jirgin fasinja tana ɗauke da kusan psi 200, birkinta kuma yana iya yin zafi na ɗaruruwan digiri. A irin wannan zafin, robar cikin taya tana fitar da hayaƙi mai kamawa da wuta, kuma idan akwai oksijin a matse a ciki, tayar na iya tarwatsewa kamar bam. Haka ta faru da jirgin kamfanin Mexicana, ƙirar Boeing 727, ranar 31 ga Maris 1986 a ƙasar Meziko: birki ya yi zafi, tayar da aka cika da iskar gama-gari ta fashe a ma'ajiyarta bayan tashi, ta tsinka bututun mai, mutum 167 suka mutu. A 1987 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta wajabta naitirojin a tayoyi masu birki na manyan jirage. Ƙa'idar da ta biyo baya a 1993 ta shafi jirgin da nauyin tashinsa ya wuce fam 75,000, wato kusan tan 34, kuma oksijin da ke cikin tayar kada ya haura kashi 5 cikin 100. Ga kuma sanyin sararin sama da ke kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili, inda laima za ta daskare.

Akwai wani haɗarin da ya fi kusa da mu, wanda darasinsa ya fi dacewa da mai mota. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi haya domin kwaso alhazai, ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Daf da tashi an nemi naitirojin a ƙara, ba a samu nan take ba, aka ƙi jinkirta tafiyar. Tayar da ta yi laushi ta jefa wa ta kusa da ita nauyi, suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar a jikinsu. Mutum 261 da ke ciki babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙan alhazanmu. Abin da ya fasa tayoyin nan ƙarancin iska ne.

Motocin tsere kuwa, irin na Formula 1 da NASCAR, bushewar suke nema, don su san ainihin inda ƙarfin taya zai tsaya idan ta ɗau zafi. Rabin psi a wurinsu yana sauya yadda mota ke shan kwana. A Formula 1 ma busasshiyar iska da naitirojin duka an yarda da su.

Tana rage shan mai?

Ita kanta, a'a. Taya mai psi 32 na naitirojin da mai psi 32 na iska daidai suke gangarawa, kuma gwajin NHTSA ya tabbatar da haka. Abin da ke ƙara shan mai shi ne laushin taya. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk psi 1 da tayoyi huɗu suka ragu yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin 100. A ɗora wannan a kan ratar psi 1.3 ta shekara guda, sai a ga ribar ba ta kai kashi 0.3 cikin 100 ba, wato ƙasa da lita 3 a cikin lita 1,000. Wanda ke daidaita iskarsa duk wata ya riga ya ci wannan ribar.

Yaya ake zuba ta yadda ya kamata?

A nan ake gane masu aikin kirki da masu karɓar kuɗi kawai. Tayar da aka sace ta gaba ɗaya ba fanko ba ce: akwai iskar gari a cikinta mai ƙarfin kusan psi 14.7, geji ne kawai ba ya nuna ta. Idan aka cika ta zuwa psi 32, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki tsohuwar iskar ce.

A ce injin yana ba da naitirojin mai tsarkin kashi 95. Cikawar farko za ta bar oksijin kusan kashi 10 a cikin tayar, wato naitirojin kashi 90 ne kawai. A sace a sake cikawa, oksijin ya sauko kusan kashi 6 da rabi. A karo na uku ya kai kashi 5 da rabi. Daga nan kuma wahala ce kawai, ba za ta taɓa fin tsarkin injin ba.

Don haka aikin yana tafiya kamar haka. A kwance allurar bawul a bar iska ta fice. Idan za a sace taya ƙwaf, a ɗaga motar da jak, don nauyin mota kada ya danne gefen taya a kan rim. A cika, a sace, a cika, aƙalla sau biyu, uku ya fi. A mayar da allurar a ɗaure, a daidaita ƙarfin da lambar da kamfanin motar ya bayar, a gwada bakin bawul da ruwan sabulu, sannan a rufe da murfi. Wasu injinan suna yin cikawa da sacewar da kansu, tayoyi huɗu a lokaci guda. Wanda ya jona tiyo kawai ya ƙara psi 3 a kan tsohuwar iska ya ce ya sa maka naitirojin, kuɗin banza ya karɓa.

Ta yaya zan tabbatar naitirojin ce aka sa mini?

Da ido ba za ka gane ba, ba ta da launi ba ta da wari. Koren murfin bawul da ake ɗaura wa alama ce kawai, kowa na iya sayensa. Hanyar tabbatarwa ita ce ƙaramar na'urar auna oksijin da ake jonawa a bakin bawul ta nuna kaso. Shagon da ya ɗauki abin da muhimmanci yana da ita, ka ce a gwada a gabanka. Idan ta nuna naitirojin ƙasa da kashi 93, aikin bai cika ba. Injin da aka daɗe ba a canza masa matata ba yana iya fitar da abin da bai fi iskar gari da komai ba, alhali allonsa na nan yana walƙiya.

Idan taya ta yi ƙasa a hanya kuma babu naitirojin kusa, zan iya ƙara iskar mai faci?

Ƙara, kada ka yi wata-wata. Ba sa faɗa da juna, ba abin da zai fashe, tsarkin ne kawai zai ɗan ragu. Tafiya a kan taya mai laushi don neman inda ake sayar da naitirojin ita ce babbar kasada.

Tana ƙara wa taya tsawon rai?

Oksijin da zafi suna tsufar da roba, ta bushe ta fara tsattsagewa, kuma rage oksijin daga ciki yana rage wannan tsufan. Gwajin da ake yi a ɗakin bincike, inda ake gasa taya a tanda don a gaggauta tsufanta, ya nuna haka. Amma bayan tayar yana nan cikin iska da rana kullum. Kuma motar da ke aiki, zanen tayarta kan suɗe, ko rami ya kumbura mata gefe, tun kafin tsufan ciki ya zama abin magana.

Wanda ke sayen tayar Beljiyam ya sani cewa naitirojin ba ta mayar da tsohuwa yarinya. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, shekara huɗu take faɗa wa direbobi a matsayin iyakar rayuwar taya. Wasu kamfanonin mota shekara shida suke cewa, kamfanin taya na Michelin kuma ya ce bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan ta kai goma a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Zanen da ya sauko milimita 1.6 ya ƙare.

Nawa ya kamata in sa wa tayata? Ko lambar tana canzawa idan naitirojin ce?

Ba ta canzawa. Lambar tana jikin wata takarda da aka manna a bakin ƙofar direba, wasu motocin a cikin murfin tankin mai, tana kuma cikin littafin mota. Yawancin ƙananan motoci tsakanin psi 30 ne da 35. Idan an rubuta da ma'aunin bar ko kPa, bar 1 daidai yake da psi 14.5, don haka bar 2.2, ko kPa 220, shi ne psi 32. Motoci da yawa suna da lamba ta biyu domin cikakken lodi, musamman ga tayoyin baya.

Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, ba ita ake bi ba. Wannan iyakar abin da tayar ke ɗauka ne. Al'adar cewa a sa arba'in ko hamsin ga kowace mota tana sa taya ta cinye ta tsakiya, mota ta riƙa tsalle, riƙon kwalta ya ragu, rami kuma ya fi saurin yi mata lahani.

A auna taya tana sanyi: da safe, ko bayan mota ta yi awa uku a tsaye, ko kafin a yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi. Idan an auna ta da zafi aka ga ta haura da psi 4 ko 5, kada a rage, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Bugun taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa ba awo ba ne. Tayoyin zamani na iya rasa psi 8 ido bai gani ba.

Gejin ma sai an kula. Na bakin hanya yana faɗuwa ƙasa, yana shan ƙura, yana wucewa hannu-hannu, ba wanda ya san ranar da ya daina faɗin gaskiya. Mallakar naka, ka riƙa auna wa da shi kullum, ya fi kowace irin iska amfani.

Na sa naitirojin amma taya ɗaya tana sacewa duk mako. Me ya faru?

Huda ce ko tsiyaya, babu ruwan iskar. Wuraren da za a duba su ne: ƙusa ko waya a cikin zane, allurar bawul da ta saki ko ta ci ƙasa, gindin bawul na roba da ya tsage, bakin rim da ya lanƙwashe a rami ko ya yi tsatsa, da tsohon faci da ya ɗaga. Masu faci kan ɗan shafa yawu a bakin bawul su ga ko zai yi kumfa, kuma dabarar tana aiki. Ga sauran wuraren, ruwan sabulu ko tsoma ƙafar gaba ɗaya cikin ruwa.

Duk lokacin da aka canza taya a canza bawul ɗin roba, kuɗinsa kaɗan ne. Hudar da ke gefen taya ba a yi mata faci. Ta tsakiya kuma, igiyar robar da ake cusawa daga waje ta wucin gadi ce, gyara na dindindin sai an cire taya an liƙe daga ciki. Bayan kowane irin wannan gyara naitirojin ta tafi, sai an sake biya, abin da ya kamata mai bin hanyoyi masu yawan ƙusa ya sa a lissafinsa.

Fitilar taya da ke kunnuwa a dashbod fa, naitirojin tana hana ta?

Ba ta hanawa. Wannan fitilar ta na'urar lura da iskar taya ce, wadda ta zama dole a sababbin ƙananan motoci a Amurka daga Satumba 2007, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014, shi ya sa yawancin motocin da ake shigowa da su suke da ita. A tsarin Amurka ba ta kunnuwa sai taya ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100, wato mai psi 32 ta sauko 24. Jiran fitila kafin a duba taya jinkiri ne.

Idan tana kunnuwa da sanyin asuba na hunturu ta mutu da hantsi, tayar tana gab da iyaka ne, sanyi ya ƙarasa tura ta ƙasa. A ƙara mata. Idan kuma fitilar na ƙiftawa kamar minti guda kafin ta tsaya, na'urar ce ke da matsala, sau da yawa batirin da ke cikin bawul ne ya mutu, kuma shi shekara biyar zuwa goma yake yi.

Babur, Adaidaita Sahu da manyan motoci fa?

Babur da Adaidaita ba su da wata riba a ciki. Tayar ƙarama ce, faci ya yi yawa, kuma duba ta kowane mako ya fi sauƙi.

Tirela da tanka da bas na dogon zango suna da ɗan dalili. Tayarsu tana ɗaukar psi 100 zuwa 120, don haka cikawa ɗaya ma tana ba da tsarki mai kyau, ga ta da tsada, ga kuma gangar jikinta da ake so ta daɗe. Kamfanin da ke da motoci da yawa kuma ya kafa injinsa a gareji zai iya cin riba. Manyan motocin haƙar ma'adinai ma suna amfani da ita saboda tsoron gobara.

Safaya da motar da ake ajiyewa watanni su ma sun dace, tunda su ne ake mantawa da su. Siririyar safayar nan ta wucin gadi psi 60 take buƙata, kuma sau da yawa ranar da aka neme ta ake tarar da rabin iskar ta tafi.

To wa ya kamata ya biya, wa bai kamata ba?

Idan kyauta ake bayarwa tare da sabuwar taya, kamar yadda shagunan Costco suke yi a Amurka, a karɓa, ba ta da illa. Idan kuɗin kaɗan ne kuma wurin yana kan hanyarka, ba laifi. Idan kuwa an tsuga kuɗi, ko dilan mota ya cusa ta cikin farashi a matsayin wani gata na musamman, ba ta kai ba. Kuɗin ya fi amfani a sayi geji mai kyau da ɗan famfon da ake jonawa a batirin mota.

Akwai wani haɗari tattare da ita?

A cikin taya babu. A wurin aiki akwai. Cikakkiyar silinda tana ɗauke da sama da psi 2,000, ba a jona ta da taya sai da na'urar rage ƙarfi, kuma a ɗaure ta a tsaye da sarƙa. Idan naitirojin ta tsiyaya a rufaffen ɗaki tana korar oksijin, mutum ya yanke jiki ya faɗi ba tare da ya ji warin komai ba.

Mafi muni shi ne a rikita silinda. Oksijin na masu walda ba ya shiga taya ko kusa, domin idan ya haɗu da mai da roba a matse, wuta ce. Haka kuma ba a yin walda ko ɗumama rim da taya a jikinsa, ko an sace iskar: zafin yana sa robar ciki ta fara ruɓewa tana fitar da gas, tayar na iya tarwatsewa bayan mintuna, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Zuba fetur a cinna wuta don bakin taya ya zauna a rim shi ma ganganci ne.

Idan a garinmu babu injin naitirojin, ta yaya zan rage ruwan da ke shiga tayata?

Ka zaɓi mai facin da ke tsiyaye tankinsa, ba laifi ka tambaye shi yaushe ya buɗe famfon ƙasa. Kafin ya jona tiyo, ya fesa iskar a kan tafin hannu ko farar takarda na daƙiƙa biyu ko uku. Idan ta bar jiƙa ko ɗigon mai, a bari ta ƙara fita har ta bushe, ko a nemi wani wuri. Akwai ƙaramar matatar ruwa mai kofin gilashi da ake ɗaurawa tsakanin tanki da tiyo, ba ta da tsada, kuma tana kama mafi yawan ruwan. Ƙaramin famfon mota da na ƙafa ba su da tanki, don haka ba sa tara ruwa. Lokacin ɗora sabuwar taya kuma, a tabbatar cikinta a bushe yake, musamman wadda ta kwana a waje da damina, a goge tsatsar bakin rim da burushin waya, sannan a shafa sabulun a bakin tayar kawai, kada a kwarara shi ciki.